Gadon da Baba Ke Ɗagawa Shi Kaɗai

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe kuna cewa na cika jan rai, na gani, Allah ya huci zuciyarku. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in na kashe Baba Mai Agogo kin daina gaishe ni, kwantar da hankalinki, tsohon nan ya fi ni da ke taurin rai. Mu koma inda muka tsaya.

Yau kwana goma sha ɗaya da gadon ya faɗo masa a hannu, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan yana yawo da hannun a aljihun riga. A tunaninsa babu wanda ya sani. To wa ma zai sani? Tun da matarsa ta rasu wata takwas da suka wuce, daga shi sai agogunan bango guda tara a hawa na uku na benen nan. Ranar da ya rufe shagon gyaran agogonsa ya kwaso su, waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba. Su kaɗai ke magana a gidan yanzu.

Ranar Asabar bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya daɗe a zaune bai tashi ba, don ya ɗauka ƙofar maƙwabta ce. Sai da aka sake.

Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aure a wani gari mai nisan awa huɗu a mota. A bayanta wani mutum ne kakkaura mai furfura a gemu, rataye da jakar kayan aiki.

"Auta? Babu ko waya?"

"In na yi waya ai cewa za ka yi lafiyarka ƙalau, kar in wahalar da kaina."

"To ba lafiyar tawa ƙalau ba?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a kan aljihunsa na dama. Mutumin ya miƙo hannu, Baba ya ba shi hagu.

"Yi haƙuri da hagu, malam."

"Ba komai, Baba."

"Wannan bawan Allah fa?"

"Kafinta ne," in ji Auta. "Gadon nan zai duba."

"Me ya sami gadon?"

"Kai za ka faɗa min, Baba."

Baba ya dake. Ya wuce gaba ya buɗe musu ƙofar ɗaki.

Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya, gadon irin wanda ake ɗaga samansa ne tare da katifar, a zuba kaya a cikinsa. Wasu ƙarafa biyu masu iska, irin na murfin bayan mota, su ke taya mutum ɗagawa, su kuma riƙe shi a sama. Umma, marigayiyar, ita ta zaɓe shi shekara shida da suka wuce, saboda ɗakin ba ya cin gado da kabad gaba ɗaya.

Kafinta ya ajiye jaka. Bai taɓa gadon ba sai da ya zagaya shi sau biyu.

"Hajiya, kwashe min filo da bargon nan. Ba a ɗaga shi da kaya a kai."

Ta kwashe.

Ya tsaya a ƙafar gadon, daidai tsakiya, ya kama maɗaurin da aka ɗinka a wurin da hannu biyu. Ya ja. Gadon ya taso yana kuka, ya karkace gefen dama. Kafinta bai sake shi ba. Da ƙafa ya jawo wani guntun katako da ya zo da shi, ya tokare sosai, ya girgiza ya ga ya zauna, sannan ya saki.

"Ni ko gadon ubana ne, ba na sa kaina a ciki sai na tokare," ya ce. "Na taɓa ganin wanda ya yarda da ƙarfe. Har yau a karkace yake sa hula."

Babu wanda ya yi dariya. Ya tsuguna ya kunna fitilar wayarsa.

"Uhm."

"Mene ne?" in ji Auta.

"Ƙarfen dama ya mutu. Kin ga mai ya tsiyaye, ƙura ta like? Iskar ta gudu. Na hagu kuwa garau yake, kamar jiya aka sa."

"Ai tsufa ne," Baba ya yi saurin cewa. "Kowane ƙarfe yana da ranarsa. Ni na yi shekara arba'in ina gyaran ƙarfe, na sani."

"Gaskiya ne, Baba. Amma tare aka sa su. Ya aka yi ɗaya ya tsufa ya bar ɗan'uwansa?"



Kafinta ya sa yatsa ya juya wani noti. Da yatsa kawai, babu sifana.

"Notuna uku a kwance, duk a dama. Ramin ma ya cinye, ya zama dogo. Baba, sau nawa ake ɗaga gadon nan?"

"Jefi-jefi."

"Ka yi haƙuri, Baba, kai babba ne. Amma jefi-jefi ba ya cin rami haka."

"To kai ka faɗa, tunda tare muke kwana."

"Ni dai abin da ƙarfe ya gaya min, kullum ne. In ma ba sau biyu ba. Kuma ba daga tsakiya ba." Ya nuna maɗaurin. "Dubi wannan, sabo fil, ko dauɗar hannu babu. Yanzu dubi nan."

Ya haska kusurwar dama. Yadin wurin ya koɗe, ya yi baƙi, shatin yatsu huɗu ya fito raɗau.

"Daga wannan kusurwar ake ɗagawa. Mutum ɗaya, gefe ɗaya. Nauyin duk sai ya murɗe ya koma kan ƙarfe guda. Ko sabo ne ba zai kai shekara ba."

Auta ta juyo a hankali.

"Baba, me ya sa ba ka kama maɗaurin?"

"Ba mu taɓa kama shi ba."

"Ku wa?"

"Ni da mamanku. Ita hagu, ni dama. Ta ce ɗaya, biyu, mu ɗaga." Ya kawar da kai wajen taga. "Ni wurina na sani. A wurina nake tsayawa."

Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na ɗan numfasa a nan. Wata takwas yana tsayawa a gefensa yana ɗaga rabonsa, ɗaya gefen babu kowa.

Auta ta dube shi.

"To me kake nema a ciki sau biyu a rana?"

"Kayana ne."

"Kayanka suna rataye a bayan ƙofa, na gani."

Ta matso ta leƙa. Zannuwan Umma ne a ninke, jere bisa jere, yadda ta bar su. Ƙamshin turarenta ya taso har sai da Auta ta dafe ƙirji. A saman su kuma akwai wani ƙunshi dogo, an naɗe shi da zanen gado, an ɗaure wuri uku. Ta sa hannu ta ɗaga, ta ji nauyi.

"Ajiye," in ji Baba.

"Mene ne wannan?"

"Na ce ki ajiye."

"Baba, mene ne?"

Kafinta ya miƙe tsam. "Bari in sha iska a baranda."

"Zauna, malam," in ji Baba. "Ai kai ka tono. Ƙarfenka ya riga ya ba da shaida, saura ni."

Ya zauna a kan kujerar da ke kusa da taga. Da ya fara magana, muryar ƙasa-ƙasa ce, ba ya kallon kowa.

"Zannuwanta ne guda goma sha huɗu, da rigar sanyinta, da bargo ɗaya. Sai da na yi ta ƙarawa ina ragewa kafin nauyin ya yi daidai."

"Daidai da me?"

"Auta, shekara arba'in da ɗaya ina kwana da nauyin mutum a haguna. In na juya, katifa ta amsa. In ta juya, in ji. Bayan rasuwarta sai in kwanta in ji gadon ya yi faɗi, babu inda ya lotsa sai inda nake. Na yi sati uku barci bai zo ba."

Auta ta toshe baki da gefen mayafi.

"Sai nake fito da shi bayan isha'i in ajiye a gefenta. Da safe in mayar, in rufe, in gyara shimfiɗa. Don kar wani ya shigo ya ce tsoho ya fara taɓuwa."

"Wa ke shigowa, Baba?"

"Babu kowa. Amma dai."

Agogo ɗaya ya buga a falo. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, don da gangan bai daidaita su ba, ya fi son su daɗe suna bugawa.

"Fito da hannunka," in ji Auta.

"Wane hannu?"

"Baba, don Allah kar ka mayar da ni yarinya. Matar da ke ƙasanku ta kira ni. Ta ce ta gan ka a matakala kana sauka da hannu kamar tulu, ta gaishe ka ka ɓoye. Ta ce ranar Talata ta wancan satin ta yi ta jin bugu daga sama, ta ɗauka ƙusa kake kafawa."

"Matar nan bakinta ba ya zama wuri ɗaya."

"Fito da shi."

Ya fito da shi.

Bayan hannun ya yi baƙi ya yi kore. Yatsu biyu ya haɗa su da guntun rula, ya ɗaure da fatar agogon hannu guda biyu, kowace an sa ta a ramin da ya dace. Aikin mai gyara ne, tsaf. Kafinta ya ja salati a hankali.

"Da safe ne," in ji Baba, kamar mai ba da labarin wani. "Na ɗaga, na tura ƙunshin ciki, ina gyara masa zama. Ban ji komai ba sai faɗowa. Katifa da ƙarfe da katako, duk a nan."

"Ka yi ihu?"

"Na yi. Sai na ji kunyar muryata, na koma buga ƙasa da diddige."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Awa uku da minti goma sha biyu."

"Baba!"

"Ai ina jin agogo. Abin da ba zan yi kuskurensa ba ke nan. A ƙarshe na jawo sandar labule da ƙafa, na cusa, na danna da gwiwa."

"Wayarka fa?"

"Tana falo a caji. Ta yi ƙara sau biyu."

Auta ta tsaya cak. Ta zaro wayarta, ta yi ta ja da yatsa, sannan ta daina.

"Ni ce."

"Ke ce."

"Da ka kira ni da yamma ka ce wanka kake yi."

"To me zan ce? In ce ubanki na durƙushe a gaban gado kamar mai neman gafara?"

Kukan da take riƙewa ya ƙwace. Ta zauna a ƙasa dirshan, ta kama hannun da hannuwanta biyu, ba ta matsa ba, ta riƙe kawai. Shi kuma ya ɗora hagu a kanta. Ya ji daɗin taɓawar har ya ji kunya, don rabon da wani ya riƙe masa hannu tun ranar ta'aziyya.

"Za ka bi ni," ta ce cikin kuka. "Yau. Mu fara da asibiti, daga nan gida. Na gyara maka ɗakin ƙasa."

"Asibiti na yarda. Gida kuwa ina gida."

"Nan ba gida ba ne, Baba, ɗaki ne da agogo."

"A nan ta yi numfashinta na ƙarshe, a gefen nan na hagu. Ɗakin naki zai ci gadon?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na tambaye ki."

"Ƙarami ne. Akwai gado mai cin mutum ɗaya, sabo."

"Mai cin mutum ɗaya." Ya gyaɗa kai. "Kin ji ko, malam? An auna ni an ga mutum ɗaya ne."

Ni dai a nan ban san wanda zan ba gaskiya ba. Ita tsoro ne ya cika ta, kar wata rana a kira ta a ce an ji wari daga hawa na uku. Shi kuma abin da ya rage masa a duniya bai wuce faɗin katifar nan ba.

Baba ya juya wajen Kafinta. Muryarsa ta canza, ta koma ta mai shago da ke magana da ɗan'uwansa mai sana'a.

"Malam, tsakaninka da Allah. Gadon nan yana gyaruwa?"

Kafinta ya saci kallon Auta. "Yana gyaruwa, Baba."

"Faɗa min yadda za a yi. Ni ba na jin kunyar koyo."

"To. Ƙarafan nan biyu za a canza su tare, ba a sa sabo kusa da tsoho. Kuma a samo masu ƙarfi daidai da nauyin katifar, akwai lamba a jikinsu. A sake huda ramin nan, a sa notuna sababbi."

"Na ji. Sai me?"

"Duk wata uku ka bi su da sifana. Ƙarfen iskar kuwa ka goge shi da busasshen tsumma kawai, kar ka zuba masa mai, kar ka ce za ka buɗe cikinsa. Na san ku masu agogo, ba kwa ganin abu a rufe ku ƙyale."

Baba ya yi murmushi, na farko tun da suka shigo.

"In za ka ɗaga, babu komai a kai. Ka kai shi har ƙarshe, kar ka tsaya a rabi. Ka tokare kafin ka sa hannu. Ranar da ka ji ya yi nauyi ko ya fara sauka da kansa, ka rabu da shi ka kira ni. Waya kuma a aljihu."

"Waya a aljihu," Baba ya maimaita. "Kin ji, Auta? Waya a aljihu. Zan yi."

"Na ƙarshe shi ne babba. A tsakiya za ka tsaya, ka kama maɗauri da hannu biyu. Babu dama, babu hagu."

Baba ya tashi. Ya taka zuwa ƙafar gadon, ƙafarsa ta kai shi kusurwar dama da kanta. Ya tsaya. Ya dubi ƙasa. Sannan ya matsa taki ɗaya, ya ƙara rabi.

"Nan ne tsakiyar?"

"Nan ne, Baba."

Ya daɗe a wurin. Idonsa ya kawo ruwa, bai share ba.

"Ashe ba nisa," ya ce. "To na tsaya. Auta, dube ni, na tsaya a tsakiya. In hannun ya warke zan ɗaga da biyu. Zan sa makulli ɗaya a wurin matar ƙasa, ta yi ta surutunta. Ki kira ni safe da yamma, in ban ɗauka ba sau ɗaya, ki zo ki tafi da ni, ba zan ce uffan ba. Kin yarda?"

Auta ba ta ɗago ba. Tana ta murza bakin mayafi.

"Malam, ɗauko sababbin ƙarafan mu gani," in ji Baba. Har da zumuɗi a muryarsa.

Kafinta ya sosa ƙeya.

"Ai ban zo da su ba, Baba."

"Kafinta ya zo gyaran gado babu kayan gyara?"

"Wato..." Ya dubi Auta, ya dubi jakarsa. "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ban iya rufa-rufa ba. In gyara ne, sai in auna in dawo jibi. In kuma kwancewar ce kamar yadda kika ce a waya, gara in fara yanzu, tunda kin ce motar kaya da la'asar za ta zo."



"Wace mota?" in ji Baba.

"Baba, ka saurare ni..."

"Wace mota, Auta?"

"Mun yi magana da Yaya tun ranar da matar nan ta kira. Ya ce kar in tambaye ka, in na tambaya ba za ka yarda ba. Na riga na gaya wa mai gidan hayar nan za mu ba shi makulli gobe."

"Gadon fa?"

"Akwai wanda zai karɓa."

"Kayanta?"

"Za a raba wa mabuƙata. Lada ne gare ta, Baba."

"Wato duk tsayuwar nan da na yi a tsakiya, kina kallona, kin san an gama."



Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya dubi Kafinta kawai.

"Malam, sauke min gadon."

Kafinta ya kama maɗaurin da hannu biyu, ya ture katakon da ƙafa, ya sauke a hankali har ya zauna. Baba ya cire takalmansa, ya jera su. Ya hau ya zauna a kan katifar, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannun mai ciwo a cinya.

"Ɗauko sifanarka."

"Baba..."

"An kira ka aiki, ka yi aikinka. Fara kwancewa. Ina kai."

"Baba, don girman Allah," in ji Auta.

Wayarta ta yi ƙara a hannunta. Ta dubi lambar, ta dubi mahaifinta. Yatsanta ya taɓa wurin amsawa ba da niyya ba, muryar wani namiji ta cika ɗakin, da ƙarar injin mota a bayanta.

"Hajiya, direban motar kaya ne. Ga mu a ƙasa, mu huɗu. Hawa na nawa za mu hau?"